Alamar kari ta zame daga kan wasali: yadda ake gano inda ciwon yake

Ɗauki waɗannan kalmomi biyu yadda ƙamus ke rubuta su: gàrī, wato birni ko ƙauye, da gā̀rī, wato na tuwo. Abin da ya raba su ɗan karan kwance ne da ke ƙarƙashin alamar karin ƙasa a wasalin farko. In kana karanta wannan a waya ko kwamfutar da zubin haruffanta, wato font, ke da kyau, za ka ga alamu biyu ɗaya bisa ɗaya a kan a. In kuwa zubin bai iya ba, ko dai su biyun su haɗe su zama tabo ɗaya, ko ta saman ta zame ta hau r, ko ta koma ɗan akwati. Ɗalibin harshe da ke haɗa kundinsa a jami'ar André Salifou, da mai shirya takardun yaƙi da jahilci, da mai buga takardu a shago kusa da kasuwar Dole, duk wannan matsalar ce ke cin lokacinsu. Kuma tun da kundin Refondation na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, rubutun Hausa da ke bi ta kwamfuta ba raguwa zai yi ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kama gyaran abin da ido ya gani. Alama ta karkace, sai a sa tazara, ko a zana ɗan layi da hannu a ɗora, ko a nemo wani harafi mai kama da shi a cikin taskar alamomi. Shafin ya yi kyau yau, gobe an kai fayil ɗin wata na'ura komai ya watse. Abubuwa uku ne ke haɗuwa kafin harafi ya fito a allo: lambobin da ke ajiye cikin fayil, zubin haruffan da ke ɗauke da zanen, da manhajar da ke jera zanen. Da wannan jeri ake bincike, lambobi tukuna.

Abin da ke cikin fayil

Haruffanmu masu ƙugiya ba ruwansu da wannan rigima, kuma gara a cire su daga lissafi tun da wuri. A tsarin Unicode, wanda ke ba haruffa lambobi a kwamfuta, kowanne harafi ne mai zaman kansa da lambarsa: ɓ U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ U+01B4, manyansu kuma Ɓ U+0181, Ɗ U+018A, Ƙ U+0198, Ƴ U+01B3. Ƙugiyar ba ɗora ta ake yi ba, jikin harafin ce. Saboda haka ƙ ba ta karkacewa: ko zubin yana da ita, ko ba ya da ita. Abin da kawai za a kula shi ne ƴan kama-da-wane. Ɖ mai karan tsakiya, U+0189, ta harshen Ewe ce, ba babbar ɗ ba ce, amma tana yawan shigowa cikin kanun rubutu. Masu aiki da Barbarci su ma suna da nasu tarkon: ǝ U+01DD ita ce ke tafiya da babbar Ǝ, ita kuwa ə U+0259 babbarta Ə ce, alhali ƙananan biyu ido ba ya raba su.

Alamomin ɗori su ne masu hawa kan harafin da ya gabace su. Suna zaune daga U+0300 zuwa U+036F, kuma huɗu ne ke damun mai rubuta Hausar ƙamus: U+0300 ta karin ƙasa, U+0302 mai siffar hula ta karin faɗuwa kamar a yârā, U+0304 karan tsawon wasali, sai U+0303 da ake ɗora wa ra-gare, kamar a bir̃nī da tar̃à. Karin sama ba a saba yi masa alama ba. Kowace ana buga ta bayan harafin, ba kafinsa ba.

Ga inda abin ya cakuɗe. Wasu haɗe-haɗen Unicode ya riga ya ba su lamba ɗaya: à U+00E0, ā U+0101, ī U+012B, ū U+016B. Har ma ḕ tana da tata, U+1E15, ṑ kuma U+1E51. Amma ā̀ da ī̀ da ū̀ da r̃ ba su da ita, kuma ba za su samu ba, domin Unicode ya daina ƙara irin waɗannan haɗaɗɗun haruffa don kada tsofaffin rubuce-rubuce su canja ma'auni. Shi ya sa a shafi ɗaya gṑbe da ƙarfḕ za su fito tsaf, littāfī̀ da kūkā̀ kuwa su lalace. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka kwamfuta ce ke zaɓen kalmomi. Wasulan kalmomi biyu na farko zane ɗaya ne da aka gama tun a hannun mai zubi, na biyun ƙarshe kuwa sai an haɗa su a lokacin nunawa.

Hanyar duba lambar ba ta da wuya. A Word ko LibreOffice, sa tsinken rubutu nan da nan bayan harafin ka danna Alt da X tare. Harafin zai rikiɗe ya koma lambarsa, in ka sake dannawa ya dawo. A wasu Word na Faransanci Alt da C ne ke wannan aiki. Akwai kuma gwajin gaggawa: danna maɓallin gogewa na baya sau ɗaya. In alamar ce kaɗai ta tafi harafin ya tsaya, ɗori ne. In duka suka tafi, haɗaɗɗe ne.

Da wannan dabarar ake kuma shigar da alama, amma akwai rami. In ka rubuta r sannan 0303 ka danna Alt da X, r̃ za ta fito. In ka rubuta a sannan 0300, ba za ta fito ba, don a da e suna cikin haruffan da ake lissafin lambar da su, sai manhajar ta karanta a0300 gaba ɗaya a matsayin lamba guda. Maganin shi ne a rubuta a, sannan U+0300 da harafin U da alamar tarawa, kafin a danna.

In lambar da ta fito U+0060 ce, ko U+00B4, U+00AF, U+005E, U+007E ko U+02DC, an gama bincike. Waɗannan alamu ne masu tsayuwa da ƙafarsu, suna cin wuri kamar kowane harafi, ba zubin da zai ɗora su kan wasali. Allon bugu na AZERTY da muke amfani da shi a Nijar yana haifar da su sosai. A Windows, AltGr da 7 sannan o yana ba da ò, AltGr da 2 sannan n yana ba da ñ, amma AltGr da 2 sannan r sai ya ba da ~r a jere, domin jadawalin allon bai san wannan haɗin ba.

AZERTY na da wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma shi na fi so a tsaya a kansa. Tun da à da è da ù suna da maɓallansu a fili, hannu kan riga ya buga à, sannan a ƙara mata karan tsawo. Sakamakon à̄ ne: karin ƙasa a ƙasa, kara a bisansa. Daidai shi ne ā̀, kara tukuna sannan kari. Alamomin nan huɗu da ke hawa sama duk ajinsu ɗaya ne a Unicode, aji na 230, kuma in biyu daga aji ɗaya suka haɗu, wadda aka fara bugawa ita ke manne da harafi, ta biyu ta hau kanta. Ba wata manhajar daidaita rubutu da za ta juya maka su, don a wurinta abubuwa biyu ne daban. A ƙaramin rubutu mai girman 10 ko 11 ido ba ya ganin bambancin, sai ranar da aka nemi kalma cikin kundi mai shafi ɗari biyu aka ga rabin wuraren ba su fito ba. Ana gyara shi da nema-da-musanya: kwafo mummunan haɗin cikin akwatin nema, kwafo mai kyau cikin akwatin musanya, wasali ɗaya bayan ɗaya. Alamar ƙasa da ta sama ba su da wannan matsala, kamar ɗigon ƙasa U+0323 na baƙaƙen Tamajak, don shi ajinsa 220 ne, manhaja na iya jera su da kanta.

Wannan jerawar ita ce ake kira NFC da NFD. NFC na haɗe duk abin da ke haɗuwa, NFD na warware komai zuwa harafi da alamominsa. Rubutu biyu na iya zama iri ɗaya a ido, ɗaya é lamba guda, ɗaya e da U+0301, manhajar da ba ta daidaita su ba ta ce ba su yi daidai ba. Tsohon tsarin ajiyar Mac, HFS+, yana warware sunayen fayiloli, shi ya sa fayil mai suna da é da ya biyo kile, wato USB, daga tsohuwar Mac kan fito da alamar a gefe, ko ya ƙi samuwa a bincike. Shawarata a ajiye komai a NFC. Mai Python layi ɗaya ya ishe shi, unicodedata.normalize('NFC', rubutu), kuma unicodedata.name na faɗa masa sunan kowace lamba.

In rubutun ya koma tarkace irin su Æ™ a wurin ƙ, É— a wurin ɗ, É“ a wurin ɓ, Æ´ a wurin ƴ, ko aÌ€ a wurin a mai karin ƙasa, zubi bai yi laifi ba. Fayil ne na UTF-8 aka karanta da ma'aunin Windows-1252, kowane harafi mai bayit biyu ya rabu biyu. Excel ya saba yin haka in an buɗe CSV da dannawa biyu. A rufe ba tare da ajiyewa ba, a shigo da shi ta sashen Données na Excel, a zaɓi 65001 UTF-8. Amma in alamar tambaya ce ta maye gurbin haruffan kuma an riga an ajiye, ko aka ga U+FFFD, wato alamar tambaya cikin baƙin lu'ulu'u, bayanin ya tafi, sai a koma ga asalin fayil.

Zubin haruffa

In lambobi sun yi daidai, sai a juyo kan abin da Word na Faransanci ke kira Police. Matsalarsa iri biyu ce, kuma alamunsu sun bambanta.

Ta farko, zanen ba ya nan. Wani lokaci akwati ke fitowa, amma yawanci na'ura kan aro harafin daga wani zubi ba tare da ta sanar ba. Ka ga ƙ ɗaya cikin kalma ta fi sauran siranta, ko ta ɗan fi su tsawo, ko ta ƙi karkata alhali layin duka a karkace yake: aro ne. Word kan nuna sunan zubin da ya aro in ka sa tsinke bayan harafin. LibreOffice ba ya nunawa, sunan da ka zaɓa ne zai ci gaba da tsayawa a akwatin, sai dai in zubin sam ba ya cikin na'urar, sannan ya karkatar da sunan. Aro ga ƙ muni ne kawai. Aro ga alamar ɗori ɓarna ce, don harafin na wani zubi, alamar ta wani, ba wanda ya san awon ɗan uwansa.

Ta biyu, zanen yana nan amma ba a koya masa inda zai zauna ba. Alamar ɗori ba ta da faɗi, an zana ta ne ta koma baya ta rataya kan harafin da ya wuce. Zubin da ba a yi masa aiki ba awo ɗaya yake amfani da shi, na matsakaicin ƙaramin wasali kamar o. Kan o sai ta zauna daidai. Kan siririyar r ko i sai ta zarce hagu, kan babban harafi kuma ta nutse cikin jikinsa, tun da ba wanda ya ce ta ɗaga. Zubi mai kyau na OpenType na ɗauke da mazauni a kan kowane harafi da kowace alama, sai manhaja ta haɗa mazaunin biyu. Umarnin da ke ɗora alama kan harafi sunansa mark. Wanda ke ɗora alama kan alama sunansa mkmk. Na uku, ccmp, shi ke sauya i mai ɗigo da marar ɗigo kafin alama ta hau. Da wannan kaɗai ana iya karanta ciwo daga allo: r̃ ta karkace, mark ne babu, r̃ ta yi daidai amma ā̀ ta dunƙule, mkmk ne babu, ɗigon i na leƙowa ta cikin alama, ccmp ne babu. Kada a magance na ƙarshen da buga ı marar ɗigo, U+0131, da hannu. Harafin Turkanci ne, kalmar za ta ɓace wa mai nema.

Layin gwaji ɗaya ya isa a auna kowane zubi kafin a ba shi amanar littafi: ɓ ɗ ƙ ƴ Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ ā̀ ḕ ī̀ ṑ ū̀ Ā̀ r̃ R̃. A kwafe shi sau huɗu, na sak, mai kauri, mai karkata, da mai kauri da karkata tare, a girman 36. Wajibi ne a yi huɗun, domin kowanne fayil ne dabam, kuma sau da yawa na sak ne kaɗai aka cika wa aiki. Ƙamus kuwa misalansa a karkace ake buga su.

Waɗanda ba sa ba da kunya su ne na ƙungiyar SIL, wato Charis, Doulos, Gentium da Andika, sai Noto Sans da Noto Serif na Google. Duk kyauta ne ƙarƙashin lasisin OFL, ana iya kwafa wa abokin aiki a kile ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Charis ya dace da kundi da littafi don yana da siffofi huɗun nan cif. Doulos siffa ɗaya gare shi, in ka nemi kauri manhaja ce ke kumbura shi, saboda haka ba na ba da shawararsa sai ga misalan furuci. Andika an yi shi ne don masu koyon karatu. Malaman firamare da ke son Comic Sans saboda siffarsa ta rubutun hannu su koma Andika, domin Comic Sans ba ya da haruffanmu masu ƙugiya. Times New Roman da Arial kuwa sun danganta da shekarunsu: na zamanin Windows XP ba su da ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zo daga Vista zuwa sama suna da su. Suna ɗaya, kaya daban, kuma har yanzu akwai tsofaffin na'urori a shagunan buga takardu.

Akwai wani rukunin fayiloli da ya kamata a gane da wuri, na shekarun kafin Unicode ya kankama. A lokacin akan ɗauki zubi a sake zana wasu maɓallansa, misali wurin wata alamar da ba a bukata a zana ƙ. Muddin wannan zubin na nan rubutun daidai yake, da an canja zubi sai baƙin alamu su bayyana. Alt da X zai tona shi nan take, don lambar da za ta fito ba U+0199 ba ce. Irin wannan fayil ba zubi yake bukata ba, juyawa yake bukata: a lissafa kowane harafin bogi da na gaskiyarsa, a musanya su ɗaya bayan ɗaya a kan kwafi, tare da kunna Respecter la casse don kada manya da ƙanana su cakuɗe.

Manhajar da ke jerawa

Zubi na iya zama lafiya lau, manhaja ta ƙi karanta umarninsa. Chrome da Firefox da Android da LibreOffice tun daga 5.3 duk injin jera haruffa na HarfBuzz suke amfani da shi. Windows na da nasa, Apple na da Core Text. HarfBuzz na da wata ɗabi'a da ke ruɗa mutane: in zubi ba ya da mazaunai sam, yakan auna zanen ya yi ƙoƙarin ɗora alamar da kansa, kuma yakan haɗe ko ya warware harafi gwargwadon abin da ya tarar cikin zubin. Don haka rubutu na iya yin kyau a Chrome ya lalace a wata manhaja da zubi ɗaya. Wannan ba shaidar lafiyar zubin ba ce, rufin asiri ne. A InDesign, in alamu sun ƙi zama, a sauya mai jera sakin layi zuwa World-Ready. Tsofaffin manhajojin zane da masu allunan talla ke riƙe da su wasunsu ba sa karanta mark ko kaɗan. A nan a rubuta kalmar a LibreOffice ko Inkscape, a fitar da ita PDF ko a mai da ita zane, sannan a shigo da ita.

Wani lokaci alamar na wurinta, kanta ne aka aske. Ā̀ ta fi kowane harafin Faransanci tsawo. In an sa tazarar layi a Exactement da awo matsattse, Word kan yanke abin da ya wuce. A mai da shi Au moins, ko a ƙara awon, misali 16 ga rubutu mai girman 12. Haka ɗakunan jadawali masu ƙayyadadden tsawo. In kuma aka ga da'irar ɗige-ɗige, U+25CC, da alama a kanta, ma'anarta alamar ta rasa harafin da za ta hau. Yawanci an goge harafin an bar ta a farkon layi, ko an raba su da canjin salo, harafin mai kauri alamar ba mai kauri ba. A zaɓe kalmar duka a sake ba ta salo ɗaya.

A shafin intanet akwai ƙarin dalili guda. Don shafi ya yi saurin buɗewa, akan yanka zubi gunduwa-gunduwa, kowane yanki da nasa rukunin lambobi ta hanyar unicode-range. Sai ā ta faɗa fayil ɗaya, U+0300 ta faɗa wani, kuma mazaunai ba sa aiki tsakanin fayil biyu. A Chrome, danna dama kan kalmar, Inspecter, sannan ka gangara ƙarshen sashen Computed: za ka ga sunayen zubin da aka yi amfani da su a zahiri da adadin zanen da kowanne ya bayar. In kalma ɗaya ta ci zubi biyu, ga ɓarawon nan. Magani shi ne a ɗora cikakken fayil na WOFF2 a kan shafin kansa. In nauyinsa ya yi yawa ga masu karatu da ƙaramin kuɗin intanet, a rage shi da manhajar pyftsubset, a bar U+0000 zuwa U+036F da U+1E00 zuwa U+1EFF da alamomin rubutu na U+2000 zuwa U+206F cikin fayil ɗaya, a kuma ƙara --layout-features='*' don kada umarnin ya zube. Kar a manta da meta charset na UTF-8 a saman shafi. Mai Linux na iya tambayar na'urarsa zubin da ke da haruffan da fc-list ":charset=0199 0304", ya kuma gwada jerawar da hb-view ba tare da ya buɗe wata manhaja ba.

Waya ba ta da wurin gyara sosai, zubin da kamfani ya sa shi ne. Sababbin Android na nuna ɗori daidai, tsofaffi da ƙananan wayoyi masu maɓalli sai abin da aka gani. In takarda ce za a tura ta WhatsApp kuma alamomin na da muhimmanci, a tura PDF. Saƙon SMS kuma na da nasa lissafi: haruffa 160 ne in duk suna cikin jadawalin GSM, wanda ke da à è ì ò ù amma ba ya da ƙ ko â. Harafi ɗaya daga waje ya shigo, saƙon duka ya koma ma'aunin 70, kuma kowace alamar ɗori gurbi guda take ci. Masu tura sanarwa ga manoma ko iyayen yara su yi wannan lissafi kafin su biya.

Don kauce wa yawancin abin da aka lissafa, a daina farautar haruffa cikin Caractères spéciaux, a sa allon bugu na gaske. Keyman kyauta ne, yana aiki a Windows da Mac da Linux da waya, kuma ana iya tsara shi ya fitar da kara kafin kari ko da wanne aka fara dannawa. In aiki na mutane da yawa ne, kowa ya yi amfani da allo ɗaya da zubi ɗaya, a kuma yanke tun farko ko ƴ za a rubuta yadda ƙa'idar Nijar ta 1999 ta tsara, ko 'y ta Najeriya, domin ga na'ura ƴan da 'yan kalmomi biyu ne. Wanda bai ɗaure da wata ƙa'idar mujalla ba yana iya ninka dogon wasali, ya rubuta gàarii maimakon gā̀rī. Masana harshe da yawa haka suke yi, kuma hawa biyu ya kau ke nan, saura r̃ kaɗai.

Ajami ma haka yake, har ya fi, tun da wasullansa duka ɗori ne. Ɗigon ƙasa na wasalin e da muka gada daga rubutun Warshu lambarsa U+065C, kuma zubin Larabci da yawa ba su da shi, ko suna da shi ba mazauni, sai ya hau kan ɗigon harafin ba (ب) ko na ya (ي). Harmattan da Alkalami na SIL an yi su ne don rubutun yankinmu, Alkalami ma siffar rubutun hannu ta Kano ya bi.

Saura madaba'a. Kada a kai fayil ɗin Word, don in na'urarsu ba ta da zubinka za ta musanya shi, shafuka su motsa, alamu su zube. A fitar da PDF daga na'urar da aka yi aikin, a buɗe Propriétés, sashen Polices, a tabbata kowane suna na ɗauke da shaidar an cusa shi ciki. Manhajar pdffonts na nuna wannan a layin emb. PDF na riƙe wurin da kowace alama ta zauna, saboda haka abin da ka gani shi zai fito. Bango da allon talla a mai da rubutunsu zane kafin a miƙa, a ajiye kwafin da ba a mayar ba don gyaran gaba. Sannan a sa su buga shafi ɗaya mai yawan ā̀ da r̃ a kan takardar da za a yi aikin da ita, a duba shi da ido kafin a ce su ci gaba, domin a girman 9 tawada kan cike ɗan sararin da ke tsakanin kara da kari, kuma in haka ta faru sai an ƙara girman rubutun zuwa 10 ko 11.